Randa Dubu Uku Kafin Zuwan Kogi

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya halicci mutum daga yumɓu, Ya kuma hore masa yumɓu ya gina abin shan ruwansa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, mai kunne ya saurara, mai gaggawa ya nemi wuri ya zauna, don labarin nan da ƙafa aka je aka ɗauko shi, kuma ƙafar tawa ce.

Sunana Tabawa 'yar Nomau, maginiyar tukwane, uwar 'ya'ya huɗu. Garinmu Kwarin Jira, can bayan Duwatsun Toka, inda sama ba ta zubar da ruwa. Rijiya ɗaya gare mu, ita ma kanwa ce zalla, sai dai wanki da kwaɓin yumɓu. Ruwan shanmu kogi ne ke kawo shi, muna ce masa Baƙo, don ba ya zama da mu. Sau ɗaya yake zuwa a shekara uku, ya kwana arba'in a gindin gari, sa'an nan ya naɗe kansa kamar tabarma ya wuce. A kwanakin nan muke cika randuna, manya waɗanda bakinsu ke kai wa ƙirjin namiji, mu liƙe su da laka mu jera cikin kogon dutse. Da su muke sha muke girki har Baƙo ya komo.

Saura wata goma ya zo, ranar wata Laraba da hantsi, ƙasa ta yi girgiza. Rufin bakin kogo ya rufto kan randunan da muka riga muka shanye, masu jiran sabon ruwa. Dubu uku ne, ko ɗaya ba ta tsira ba. Waɗanda ke da ruwa suna can ƙurya, Allah Ya tsare su, za su kai mu ƙarshen shekara da ƙyar.

Mai gari Shekarau ya tara mu a ƙofar gidansa, ya tambayi Inna Kandala, shugabar magina, randa nawa za a iya ginawa.

Inna Kandala ba ta iya rufa-rufa ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mu ashirin ne. Kowacce ita ke haƙo yumɓunta, ta kwaɓa, ta gina, ta nemo kara ta toya. In mun kashe kanmu, ɗari a wata. Dubu ɗaya ke nan, kuma dubun ma ban yi maka alkawari ba."

Mai gari ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To, in Baƙo ya zo ba mu da abin tarbarsa, sai mu sha na shekara guda mu watse. Kowa ya fara tunanin inda zai nufa."

Ni kuwa na taɓa jin fatake suna labarin wani gari, Birnin Ganga, wai a can randa ɗari biyar ke fitowa tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Na miƙe na ce zan je in gano yadda suke yi.

Inna Kandala ta dube ni sama da ƙasa. "Mu ashirin mun kasa, ke kuma za ki mai da mu goma sha tara?"

Na ce, "Inna, da ashirin da goma sha tara duk ƙishirwa ce."

Da muka koma gida mai gidana Jatau ya ɗinke mini takalmina da ya tsinke, ya ce, "Je ki, Allah Ya tsare. Yara suna hannuna da na Yayarki." Washegari na bi ayarin masu kanwa, na kama hanyar gabas.

Kwana talatin muna tafiya cikin ƙasar da duwatsunta ke huci kamar murhu, sa'an nan ayari ya karkata kudu, suka bar ni a bakin Tafkin Madubi. Ruwansa garau yake har kana hango kifaye masu girman sa suna kiwo a ƙarƙashi. Jirgin fito ɗaya ne a tafkin, na 'yan'uwa goma sha biyu da suka gaje shi daga ubansu. Na shiga, muka tashi.

Ashe uban ya mutu bai ce wane ne babba a jirgi ba, don haka kowannensu sarkin jirgi ne. Wannan ya ce a yi dama, wancan ya ce, "Kai wa ya naɗa ka? Hagu!" Na uku ya ce a tsaya a yi shawara. Jirgi ya yi ta juyi a tsakiyar ruwa kamar ludayi a ƙwarya. Kwana biyu ina ganin itaciyar da muka baro, ba ta yi nisa ba, ba ta matso ba.

Rana ta uku na dama fura, na ba su suka sha, sa'an nan na ɗaga ludayin na ce, "Samari, a garinmu akwai wata al'ada. Wanda ludayi ke hannunsa shi kaɗai ke magana, saura su yi tuƙi. In an kai gaci ya miƙa wa na kusa da shi. Kowa zai yi sarauta, amma ɗaya bayan ɗaya." Allah Ya gafarta mini, ba mu da wannan al'ada, nan take na ƙaga ta.

Suka yi gardamar wanda zai fara har la'asar, ƙarshe na jefa ludayin sama, wanda ya cafe ya cafe. Kafin rana ta faɗi muna ɗaya gacin. Da zan sauka na bar musu ludayin, na ji a bayana wani na cewa, "Miƙo nan, ai an kai gaci!"

Daga nan na yi kwana ashirin da wasu, har na iso gindin wani tsauni ja. Da na fara hawa sai na ji yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Na duƙa na ɗebo, sai na ga ba dutse ba ne, tsingaro ne, fasassun randuna tun daga gindi har ƙoli. Na yi mamaki, amma ba wanda zan tambaya. Da na kai ƙoli na ji ƙarar ganga tana dukan ƙirjina, na hangi birni shimfiɗe a ƙasa.

A tsakiyar birnin akwai ganga ta tagulla mai girman rumbu, tana kaɗa kanta ba makaɗi. Daga ƙofar gabas zuwa ƙofar yamma mutane ne a jere, layi ɗaya, ba iyaka. Ganga ta ce dum, duk hannaye su ɗaga. Ta ce dum, duk su sauka. Yumɓu na shiga ta gabas, randa na fita ta yamma. Mai tsaron ƙofa ya ce mini, "Baiwar Allah, ki sani, nan da ƙafa ake shiga, da takardar Sarki ake fita." Na ce na ji, don ban zo wannan nisa in koma daga bakin ƙofa ba.

Aka kai ni gaban Sarkin Awo, wani siririn dattijo mai suna Malam Cindo. A wuyansa yana rataye da kwalba mai ciki biyu, yashi na tsiyaya daga na sama zuwa na ƙasa, da ita yake auna tsawon kowane aiki. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce in gina randa a gabansa yadda na saba.

Na zage na gina, ina ji da kaina, don a Kwarin Jira bayan Inna Kandala ba wadda ta fi ni hannu. Da na gama ya ce, "Randa ta yi kyau. Amma kin tashi sau goma sha ɗaya neman abin da ya kamata ya kasance kusa da hannunki. Kin sunkuya sau sittin da huɗu. Kin zagaya randar nan har na daina ƙirga. Rabin ƙarfinki a hanya ya zube, 'yar nan, bai shiga yumɓu ba."

Na buɗe baki in mai da masa magana, sai na ga gaskiya ya faɗa. Shekara ashirin ina fama da ciwon baya ban san ni ke saya wa kaina ba.

Malam Cindo ba marowacin sani ba ne. Ya zagaya da ni layin nan kwana uku. Ya nuna mini kwandon ɗaukar yumɓu, ya ce ya gwada iri goma sha biyar: babba na kashe mai ɗauka kafin azahar, ƙarami na cinye rana a zirga-zirga, sai da ya samo na tsakiya wanda mutum zai wuni da shi bai gaji ba. Ya nuna mini yadda ake ɗora gini kan dakali don kada a sunkuya. Masu jiki su ke taka yumɓu, masu dogon hannu su ke gyara cikin randa, masu haƙuri su ke tsaron wuta. Kowa aiki ɗaya, ya yi ta yinsa har hannunsa ya haddace. Ina kallo ina zubawa a kaina kamar mai zuba hatsi a rumbu.

Sa'an nan ya ba ni gurbina a layi: in shafe bakin randa da jiƙaƙƙen tsumma, zagaye biyu, in tura gaba. Shi ke nan aikina. Matar da ke damana shekara tara tana murɗa bakin randa, ba ta taɓa ganin gindin randa ba.

Ranar farko da rana ta karkata na ajiye tsumma na tafi na yi alwala na ta da salla. Kafin in sallame randuna sun taru a gurbina, layi ya cije, ana ta hayaniya har ƙofar gabas. Su a can sai ganga ta yi shiru da yamma suke haɗa sallolinsu su yi. Malam Cindo ya iso yana haki.

"Wa ya ba ki izinin barin gurbi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, wanda Ya kira ni Ya riga ka."

Da la'asar na sake tashi, sai ya biyo ni ya kifa kwalbarsa, wai yana auna sallata. Da na idar ya ce, "Wannan zaman na ƙarshe, ba a rage shi?"

Na ce, "Auna dai ka auna, amma ba ni na yanka ta ba balle in rage."

Kwana bakwai yana tsaye a kaina da kwalba. Ran na takwas ya zo yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Wai ya gano duk sa'ad da na dawo daga salla hannuna ya fi na maƙwabtana sauri, kuma randunan da nake shafewa a wuni sun fi na wanda bai tashi ba. Lokaci kuwa a hannunsa yake, don haka ya sa aka riƙa cusa wa ganga matashin kai da azahar da la'asar, kowa ya huta, mai salla ya yi. Shi don randa ya yi, ni kuwa na ce Allah Ya karɓa ko ta wace ƙofa aka shigo.

Wannan hutun ne ya ba ni damar takawa har ƙarshen layi in ga randa gamammiya. Ga su nan jajaye, sumul, an jera kamar amare. Hannun maginiya ba ya ganin randa ya ƙyale, sai na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa ɗaya. Randa mai lafiya amo take yi, ka ji ta tana amsawa har cikinta. Wannan kuwa ta ce ɓus, kamar an bugi buhun dusa. Na buga ta biyu, ɓus. Cikin goma, huɗu kaɗai suka amsa.

Na ji dariya a bayana. Wata tsohuwa ce zaune kan tulin murafe, ita ke rufe bakin randuna kafin a fitar. Ta ce, "'Yar nan, ke baƙuwa ce. 'Yan gari ba sa gaida randa."

Na gaishe ta, ta ce sunanta Iya Marka. Na ce, "Iya, waɗannan ai tsagaggu ne. Ba za su riƙe ruwan kwana uku ba."

"Ni za ki gaya wa? Shekara talatin aikina ke nan, in ƙwanƙwasa, mai amo ta wuce, marar amo in sa mata taɓarya. Sai Cindo ya zo da kwalbarsa ya tsaya a kaina kwana uku. Ya ce tsohuwar nan ba ta ƙara wa randa komai, ragewa ma take yi. Aka ba ni murfi." Ta tofar da yawun goro. "Da kwana goma randa ke yi a inuwa kafin ta ga wuta. Ya ce randa zaune ba ta aikin komai, aka mai da shi uku. Ki sa ɗanyen abu a wuta, me kike jira?"

Na ce, "Masu saye fa, ba sa magana?"

"Suna yi mana. Suna dawo da su su zubar a bayan ganuwa. Ba ta kansu kika hawo ba?"

Ban ɓata lokaci ba na sami Malam Cindo, na ja shi har wurin, na buga masa mai amo, na buga masa marar amo. Fuskarsa ta canja. Ya daɗe yana juya kwalba a hannu, sa'an nan ya ce, "Ni lokacin hannu aka ba ni. Lafiyar randa ba a ba kowa ba. Kwana ukun nan kuma ni na kawo shawara, amma ta riga ta zama doka, doka kuwa sai Sarki. Ki kai maganarki Soro."

Soron nan hawa bakwai ne, Sarki na can sama. Kowane hawa da ma'aikacinsa: na ɗaya da na biyu kaɗai yake magana, na biyu da na uku, haka har ƙoli, ba mai tsallake wani. Na tsaya gaban na ƙasa na ce, "Magana biyu gare ni. Randa shida cikin goma na yoyo. Ni kuma ina neman takardar komawa gida, mutanena na jirana." Ya rubuta, ya miƙa ta wata taga a rufi.

Kwana sittin da shida ina shafe bakin randa ina duban Soro. Duk dum ɗin ganga sai in ji kamar takun Baƙo ne yana matsowa garinmu. Ran nan sai ga manzo da zane mai zaren zinariya, ana busa a bayansa. Ya ce Sarki ya ji daɗin shaidar baƙuwa, ya ba ta tukwici, ya kuma yi umarni mai ƙaunar randunan birni haka ta zauna cikinsa har ƙarshen ranta.

Malam Cindo ne ya bi sawun maganar ya gaya mini yadda aka yi. Na ɗaya ya ga "shida cikin goma" ta yi kaushi, ya ce wa na biyu wasu randuna na yoyo. Na biyu ya ce wa na uku wasu randuna na gumi. Na huɗu ya tuna randa mai gumi ita ke sanyaya ruwa. Kafin ta kai kunnen Sarki ta zama wata gwanar maginiya ta zo daga ƙarshen duniya ta shaida ba randa mai sanyin ta Birnin Ganga. Maganar tafiyata kuwa tun a hawa na uku aka ajiye ta, wai ba a haɗa buƙata biyu a takarda ɗaya.

Na ƙirga da yatsu, saura wata biyar da rabi. Na je wurin Iya Marka na zauna.

Ta ce, "Kuka za ki yi ko tafiya?"

"Tafiya, Iya. Amma ta ina? Ba abin da ke fita garin nan ba takarda."

Ta daki randar da ke kusa da ita da tafin hannu. "Wannan takardar wa ta nuna?"

Washegari da hantsi, ana tsakiyar aiki, na ce wa maƙwabciyata ta riƙe mini tsumma. Iya Marka ta bi randuna tana ƙwanƙwasawa har ta sami wadda ta amsa da murya mai daɗi. Ta ce, "Shiga wannan, ita ce ba za ta zubar da ke a hanya ba." Na ba ta zanen Sarki, na yi bisimilla na shige na dunƙule. Ta ɗora murfi ta bar mini 'yar kafar numfashi.

Masu ɗauka biyu suka cicciɓe ni. Na gaba ya ce, "Kai, wannan ta faye nauyi!"

Na baya ya ce, "Aikinka ɗauka ne ko awo? Taka, ganga na tafiya."

Suka dire ni gaban mai ɗaurin igiya, ya ɗaure. Ƙurar igiyar ta shige mini hanci, na danne, na danne, ina isa gaban mai ƙirga a bakin ƙofa atishawa ta ƙwace mini.

Wani ya ce, "Randa ta yi atishawa."

Mai ƙirga ya ce, "Ɗari da tara. Ni randa aka ce in ƙirga, wanda aka ba atishawa ya zo ya karɓi abarsa. Wuce!"

Har na fara hamdala sai na ji muryar Malam Cindo ya ce a tsaya. Yashinsa ya nuna masa masu ɗauka sun makara da taku huɗu. Na ji takunsa ya zagaya ni. Sai na ji ƙwas, ƙwas, a daidai kunnena. Mutumin da bai taɓa ƙwanƙwasa randa ba, ranar ya fara, kuma da tawa. Na riƙe numfashi, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Ya matso da bakinsa kusa da murfi, ya yi ƙasa da murya. "Kwando na tsakiya, kada ki manta. Ruwa a hagu, yumɓu a dama. Inuwa kuma ki bar ta goma." Sa'an nan ya ɗaga murya ya ce, "Me kuke kallo? Aikina awon lokaci ne, ba leƙen randa ba. Kun ɓata mini taku tara yanzu!"

A bayan ƙofa jiminu ne ke ɗaukar kaya, manya masu tsawon giginya, kowacce randa shida a bayanta. Sai da aka ya da zango da azahar na ture murfi na miƙe. Madugun, wani ƙato mai suna Korau, ya watsar da butarsa ya ja da baya.

"A'uzu billahi! Randa ta haihu!"

Na ce, "Kwantar da hankalinka, Madugu, mutum ce. Randa nawa ake dawo maka da su in ka kai?"

Ya ce, "Kar ki tuna mini. Fiye da rabi, da zagi a kai."

Na bi kayansa kaf na ƙwanƙwasa, na ware masa masu lafiya, na koya masa jin amo har ya iya. Ya ce in faɗi ladana. Na ce jimina ɗaya da mai kora, zuwa Duwatsun Toka. Tafiyar da na yi wata biyu, a kwana goma sha huɗu muka shanye ta, tafkin ma ta gefensa muka zagaye iska na kukan kura a kunnena.

Na tarar Inna Kandala da sauran sun gina ɗari huɗu da tamanin, hannayensu duk sun tsage. Gida shida sun riga sun yi ƙaura. Ban ko huta ba na roƙi mai gari ya tara mini kowa, maza da mata. Na ce daga yau ba maginiya ce kaɗai ke gina randa ba, gari ne zai gina. Majiya ƙarfi su haƙo, masu jiki su taka, tsofaffi su tankaɗe ƙaiƙayin haɗin yumɓu, maza su tara kara su tsare wuta. Mu magina kuwa ba mai sake tashi daga dakalinta, komai a kawo mana hannu: wasu gindi, wasu ciki, wasu baki.

Inna Kandala ta riƙe haɓa. "Ni da nake gina randa tun uwarki na goye, yau ni za a ce wa murɗa baki ki tura gaba? Abin da kika je ƙarshen duniya kika ɗauko ke nan?"

Na durƙusa na ce, "Inna, ke ba za ki taɓa yumɓu ba. Ke ce kunnenmu, ke ce bakinmu. Duk randar da ta fito wuta sai ta gaishe ki, wadda ba ta amsa ba ki fasa. In kin yi magana ba mai yin wata a kai. Wanda kuma ya ga ɓarna, ko mai tankaɗe ne, ya taso kai tsaye ya gaya miki."

Ta ce, "Taɓaryar fa, tawa zan kawo ko za a ba ni?"

Watan farko mun sha wuya, ana karo da juna, ana zagin kwando. Wata na biyu hannaye suka gane hanya. Ba mu da gangar tagulla, waƙa mata ke yi, in an gaji a sassauta ta. Duk Juma'a masu gindi su koma baki, masu baki su koma ciki, don kada a wayi gari ba mai sanin randa ɗungum.

Saura wata ɗaya muna da dubu biyu da ɗari ɗaya. Mai gari ya kira ni, idonsa ja. Ya ce, "Tabawa, kwana goman nan na inuwa a mai da shi biyar. Kandala kuma ta ajiye taɓarya, jiya ina kallo ta fasa goma sha bakwai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni zuwa la'asar." Na sa aka kawo ɗaya daga waɗanda Inna ta ƙi, sumul da ita ba ka ganin aibi, aka cika ta da ruwan rijiya a ƙofar zaurensa. Da ya fito sallar la'asar sai da ya tattare riga ya tsallake caɓi. Ya leƙa randar, ya dube ni, ya wuce masallaci. Bai sake ta da maganar ba.

Baƙo ya iso ranar da ake sa ransa, da rugugi da kumfa, ya tarar da mu da dubu biyu da ɗari shida. Ba mu tsaya ba. Rabin gari suka jeru daga bakin ruwa zuwa kogo, tulu na bin hannu, rabi suna kan gini. Wutar ƙarshe ran kwana talatin da takwas aka kashe ta, muka cika randunan da sauran ɗuminsu. Da kogi ya naɗe ya tafi, dubu uku ba goma sha ɗaya muka liƙe.

Ba wanda ya san ko za su kai mu. Shekara ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, duk randar da aka buɗe a same ta cike har wuya. Cikin ta uku gida huɗu daga masu ƙaura suka dawo, muka karɓe su, ko da yake kowane baki ƙari ne a kan ruwa. A watan ƙarshe kullum da safe ni da Inna Kandala muke shiga kogo, tana dogara sanda, mu duba abin da ya rage. Ran da ya rage saura huɗu, muna tsaye a gabansu, sai muka ji ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Na zaci girgiza ce ta dawo, na kama hannunta. Sai ga guɗa daga gari, sa'an nan rugugin ruwa.

Inna ta saki hannuna, ta dubi randunan nan huɗu, ta dube ni, ta ce, "Kin gani? Har da ragowa. Da na sani da na ƙara fasa wasu, akwai biyu da muryarsu ba ta gamshe ni ba."

Muka fito muka ɗauki tuluna muka bi mutane zuwa bakin kogi.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Inda na faɗa daidai, Allah ne Ya datar da ni, inda na kuskure kuwa harshena ne, ku yafe wa 'yar'uwarku.